Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Taimakekeniyar Lafiya (KSCHMA) da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano Kan Gashin Masu Hajijiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makarantar sakandare ne a cikin birnin Kano. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ciwon da mahaifiyata ta yi wata 5 tana fama da shi, wanda daga ƙarshe aka raba ta da shi a kan gadon gwaji cikin abin da bai kai rubu'in awa ba, babu allura babu ƙwaya. Tun daga ranar nake ta juya tazarar da ke tsakanin wata 5 da rubu'in awa, kuma na ga ku ne kuke da ikon rage ta ga waɗanda za su biyo bayanmu.

Da asubahin wata rana cikin hunturu abin ya fara. Umma ta juya a kan katifa za ta tashi alwala, sai ta ga ɗakin ya ɗauke ta yana wulwulawa. Ta damƙi gefen gado tana salati. Kafin ƙanwata ta laluɓo fitila har ya lafa, ya bar ta da tashin zuciya da gumi. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Idan ta sunkuya ruku'u sai ya taso, idan ta ɗago daga sujada sai ya taso, idan ta ɗaga kai za ta sauko da kwano daga kan kanta sai ya taso. Mace mai shekara 68 wadda ba ta taɓa yarda a ɗebo mata ruwan alwala ba, sai ga ta tana salla a zaune tana nuni da kai kaɗan-kaɗan, tana kwana a jingine da matashi uku don tsoron kwanciya. Islamiyyar manyan mata da take zuwa tun muna yara ta daina. Ko zaure ba ta fita sai da mai riƙe ta.

Kun san yadda ake yi da jiri a garin nan. Kowa ya zo dubiya da nasa sunan cutar. An ce hawan jini ne, aka auna aka ga daidai. An ce jini ne ya yi ƙasa, muka sayi maganin ƙarin jini kwalba-kwalba, ga zogale ga hanta. Wani mai kyamis ya ce taifod ce, ya ɗaura mata ƙarin ruwa leda biyu. Aka ba ta ƙwayar kwantar da jiri mai suna Stugeron, ta riƙa sha tana wuni a kasalance kamar wadda ba ta yi barci ba, hajijiyar kuma tana nan. Dangi suka kawo rubutu da hayaƙi, mu ma muka yi ta tofi, don addu'a ba ta taɓa zama asara ba. A wani asibitin kuɗi aka ce sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, muka ciwo bashi aka yi, hoton ya fito fes. Da na zauna na tara takardun, abin da muka kashe ya haura albashina na wata biyu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata rana da magariba ta sunkuya ɗaukar buta a makewayi, abin ya fizge ta, ta tokare da hannu, ƙashin tsintsiyar hannun ya karye. Aka sa filasta mako 6. Da aka cire, hannun ya sandare, sai aka tura mu sashen gashi, wato na gashin ƙashi.

Ina roƙon ku lura da wannan wurin, domin shi ne gaba ɗaya maganar. Ba don hajijiya aka tura Umma wajen likitan gashi ba. Sai da ta faɗi ta karye sannan hanya ta biyo da ita ta ƙofar da ya kamata a fara kai ta tun makon farko.

Likitar da muka samu matashiya ce. Ta gama duba hannun, sai ta ce, "Mama, ɗan kwanta mini in ga kafaɗar." Umma ta girgiza hannu mai lafiyar ta ce, "A'a 'yar nan, ni ba na kwanciya rigingine, duniya juyawa take da ni." Likitar ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo kujera ta zauna. Tun yaushe? Yakan daɗe, ko kuwa kafin a ƙirga sittin ya wuce? Idan kin juya ta wane ɓangare ya fi tasowa? Kunnen yana ƙara, ko jin ya ragu? Harshe ya taɓa yi miki nauyi? Wuyan yana ciwo? Cikin wata 5 babu wanda ya yi mata waɗannan tambayoyin a jere. Da ta gamsu, ta zaunar da ita a tsakiyar gado, ta karkata kanta zuwa dama, ta tallafe shi da hannu biyu, ta kwantar da ita da sauri har kan ya ɗan zarce bakin gadon. Shiru na 'yan daƙiƙu. Sai Umma ta cakumi rigata, ta ce, "Ɗan nan riƙe ni, zan faɗi!" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana ko a irin wannan hali. Likitar ta ce, "Malam matso ka ga idonta." Na ga ƙwayar idon tana fizga tana murɗawa ita kaɗai, kamar ana jan ta da zare. Bai kai minti ɗaya ba ta tsaya cak.

Daga nan ta juya kan a hankali zuwa hagu ta dakata, ta mirgina ta a kan kafaɗar hagu fuska tana kallon ƙasa ta sake dakatawa, sannan ta tashe ta zaune. Ta bari ta huta, ta maimaita. A karo na biyu idon bai motsa ba. Bayan mako ɗaya muka koma aka sake gwadawa, babu komai. Daren ranar farko ƙanwata ta kira ni a waya tana kuka, ta ce Umma ta yi lisha a tsaye, goshinta ya taɓa ƙasa. Kuɗin da muka biya a sashen gashi, zuwa biyun a haɗe, bai kai abin da muka zuba wa masu adaidaita sahu a watannin yawo ba.

Likitar ta yi mini bayani, ni kuma na je na ƙara karatu, don malami ba ya son abin da bai fahimta ba. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Kusa da su akwai 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi kamar yashi, na sinadarin da ke cikin alli. Tsufa, ko buguwar kai, ko doguwar kwanciyar jinya sukan sa wasu daga cikin ƙwayoyin su ɓalle su faɗa cikin bututun, galibi na baya. Da zarar an motsa kai sai su gangara su kaɗa ruwan, kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce ana tsaye, mutum ya rasa wa zai gaskata. Likitoci suna taƙaita sunan cutar da BPPV. Ita ce kan gaba cikin hajijiyar da kunne ke haddasawa, ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma ta fi yawa a mata. Gwajin da aka yi wa Umma, likitoci biyu na Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Juyin da ya mayar da ƙwayoyin gidansu kuwa wani likitan kunne ne na Amurka, John Epley, ya wallafa shi a 1992. Mafi yawan masu cutar suna warkewa a zama ɗaya zuwa uku. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2008, ta sabunta ta a 2017, tana cewa idan alamun sun fito fili kada a tura mutum hoto, kada a ɗora shi a kan ƙwayoyin kwantar da jiri, a yi masa juyin. Mu kuwa sai muka bi abin a baibai: ƙwaya da farko, hoto a tsakiya, juyi a ƙarshe.

Ina ganin har sunan da muka raɗa wa sana'ar yana cikin abin da ya ɓatar da mu. Gashin ƙashi muke cewa. Duk wanda ya ji haka, fitila mai zafi yake hangowa da ɗan wasan ƙwallon da ya gurɗe, ko mai shanyewar ɓarin jiki. Wa zai kawo wa ransa cewa mai ganin jiri yana da abin nema a can? Idan mai jinya bai sani ba, ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa bai sani ba, mai cike takardar biyan kuɗi ma bai ga gurbin da zai rubuta shi ba, to ko da aikin yana nan kamar babu shi ne.

Kada a fahimce ni da cewa duk jiri wannan ne. Jirin da ya zo tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu bibbiyu, ko matsanancin ciwon kai, wannan na gaggawa ne, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki, kuma a nan hoton ƙwaƙwalwa ya cancanci kowace naira. Akwai na ƙarancin jini da gaske, akwai na faɗuwar sukari, akwai na maganin hawan jini da ya yi wa mutum yawa. Shi ya sa ake buƙatar mai rarrabewa tun a ƙofar farko.

Sannan akwai wasu da lamarinsu ya fi na Umma nauyin aljihu nesa ba kusa ba. Wanda jijiyar kunnensa ta kumbura bayan zazzaɓi. Wanda allurar gentamicin ko streptomycin ta lalata masa ma'aunin cikin kunne, kuma kun fi ni sanin yadda ake yin allurar gentamicin barkatai a kyamis-kyamis. Mai ciwon sukari da tafin ƙafarsa ya daina jin ƙasa. Wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki yana tangaɗi. Ɗan adaidaita ko ɗan kabu-kabu da ya bugu a kai. Waɗannan juyi ɗaya ba ya yi musu, sai atisaye na makonni: a koya wa ido tsayawa a kan abu alhali kai yana motsi, a koyi tsayuwa a kan katifa mai laushi, a koyi tafiya ana waiwaye, har ƙwaƙwalwa ta saba ta cike giɓin. Tun a shekarun 1940 wasu likitocin Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara irin wannan atisaye, kuma ana amfani da shi har yau. Ƙwayoyin kwantar da jiri idan aka daɗe ana sha suna jinkirta wannan sabon, ga kasala da suke ƙara wa tsoho. To mai zuwa sau biyu a mako, wata biyu cur, daga Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Rimin Kebe, ba shi kaɗai zai zo ba tunda ba ya iya tsallaka titi, dole da ɗan rakiya wanda shi ma ya bar nemansa na ranar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan naira 71,000 ne, mafi yawan mutanen Kano ma ba su da albashin. A layin jira na ji wani dattijo yana ce wa ɗansa, "Wannan zuwan shi ne na ƙarshe, ka bar kuɗin ka saya wa yara masara." Ban sake ganinsa ba.

Ranku ya daɗe, na san ba daga kanku aka fara ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa tun 1999 aka yi ta, ta fara aiki a 2005, sannan a watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Kano ta yi tata dokar taimakekeniya a 2016, kuma na ga amfaninta da idona a haihuwa da zazzaɓin yara a gidajen abokan aikina. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fita. Kuma tsarin ma'aikata, tun daga na tarayya, an gina shi ne a kan ma'aikaci da abokin zamansa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba sai da ƙarin rajista da ƙarin kuɗi, alhali su ne masu hajijiyar, su ne masu faɗuwa.

Ga kuma yadda kuɗin yake tafiya. Asibitin matakin farko ana ba shi kaso ne duk wata bisa yawan mutanen da suka zaɓe shi, kuma ƙwaya tana nan a kantarsa, miƙa hannu kawai zai yi. Gashi kuwa yana mataki na biyu: sai an rubuta takardar turawa, sai an samo lambar izini, wadda a bakin tebur ake ce wa kod, sannan a biya shi aiki-aiki. Galibi ma sai an fara bi ta wajen likitan kunne ko na ƙwaƙwalwa, kowanne da layinsa da ranarsa. Abin da ya fi araha kuma ya fi saurin warkarwa shi aka ajiye a bayan ƙofa uku. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga kai ba za ta jure wannan zirga-zirgar ba, kyamis za ta koma.

Babban roƙona shi ne ku rubuta gwajin hajijiya da juyinta da atisayen daidaita tsayuwa da sunansu, ɓaro-ɓaro, a cikin jerin ayyukan da taimakekeniya take biya, kowanne da farashinsa. Kalmar gashi ita kaɗai ba ta isa ba, domin duk abin da ba a ambata ba ya zama sai yadda mai tebur ya ga dama. A ba likitan matakin farko ikon tura mai irin alamun Umma kai tsaye zuwa sashen gashi, lambar izini ta fito a ranar. Idan za a ƙayyade yawan zuwa, kada a auna kowa da mudu ɗaya: mai BPPV zama kaɗan ya ishe shi amma takan dawo wa wasu bayan watanni ko shekara, don haka a bar masa ƙofa a buɗe, mai lalacewar jijiya kuwa idan aka yanke masa a tsakiya, kuɗin da aka kashe a farkon ma ya tafi a banza. Farashin kuma ya zama wanda asibiti zai karɓa ba tare da ya ce wa mai kati ya cika ba.

Idan lissafin asusu ne abin dubawa, to ku ɗora shi a sikeli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ita ce ta biyu wajen kashe mutane cikin haɗurran da ba na ganganci ba, kimanin mutum 684,000 duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Umma hannu ta karye, Allah Ya taƙaita. Ku tambayi likitocin Asibitin Ƙashi na Dala abin da karayar ƙugu take ci, daga tiyata zuwa ƙarfe zuwa kwanakin gado, da yadda tsofaffi da yawa ba sa sake miƙewa bayanta. Kuɗin tiyata ɗaya zai biya wa mutane masu yawa juyin da zai hana su faɗuwar. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin a shigar da irin wannan jinya ta farfaɗo da jiki cikin tsarin lafiya da inshorar kowace ƙasa, Najeriya kuwa mamba ce.

Ga Ma'aikatar Lafiya, mutanen aikin muna da su. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi duk shekara, da yawansu suna yawo da takarda ko suna neman hanyar fita waje. Sassan gashin da aka sani sun taru a cikin birni, Asibitin Malam Aminu Kano, Murtala, Nasarawa, Dala, jihar kuwa ƙananan hukumomi 44 gare ta. Wannan aiki ba ya son na'ura ko wutar lantarki, gado ne da hannu biyu da ilimi. A ɗauke su aiki a rarraba su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a haɗa kai da ƙungiyarsu a ƙara wa waɗanda ke bakin aiki horo kan kunne. A tabbata da mata a cikinsu, domin juyin yana buƙatar a riƙe kan mace a kwantar da ita a mirgina ta, kuma na san da namiji muka tarar ranar, da wuya Umma ta yarda. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda asusun kula da lafiya a matakin farko na dokar 2014 yake tallafawa, a koya musu tambayoyin nan biyar ko shida da suke raba jirin kunne da na gaggawa. Masu doguwar jinya a riƙa haɗa su rukuni-rukuni, a ba su takardar atisaye mai hoto da Hausar boko da ajami su ci gaba a gida, zuwa asibiti ya ragu. A kuma sauƙaƙa wa ma'aikaci ya sa iyayensa a kati, a cire masa kaɗan-kaɗan daga albashi. Ni dai zan fara sa hannu.

Sai a faɗa wa mutane. Kano garin rediyo ne, Umma ba ta rabuwa da tata. Da ta taɓa jin wani likita ya ce hajijiyar da ke tasowa idan an juya a kan gado ko an yi sujada tana da magani a sashen gashi, da ita da kanta za ta ce in kai ta.

A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da ya koma ƙarshen sahu yana salla a kan kujera, hannunsa dafe da bango. Da na tambaya, 'ya'yansa suka ce jiri ne, wata na uku ke nan, idan ya kwanta ta hagu sai ɗaki ya juya. Na ba su labarin Umma, na ce su kai shi a duba shi tun bai faɗi ba. Babban ɗansa, wanda yake ɗinki a bakin kasuwa, tambaya biyu ya yi mini: nawa ne, kuma idan suka yi masa katin taimakekeniya zai ɗauka? Amsar da zan kai masa nake jira daga gare ku, a rubuce ko ta rediyo.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga cikin birnin Kano